Yadda ake buga hoton kufan birnin Rum da gishiri da azurfa, irin na shekarun 1850

Tun ranar da na nuna hoton Ƙofar Konstantin ta tsohon birnin Rum da na buga a takardar auduga, wanda ya fito da launin ƙasa-ƙasa kamar an jiƙa shi da shayi, tambaya ɗaya ce ta ƙi ƙarewa: da wace firinta aka yi shi? Firinta ta taɓa aikin a wuri ɗaya kacal, wajen fitar da nagetif, wato hoton da aka juya launinsa, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Hoton kansa gishiri ne da azurfa da hasken rana suka yi shi. Hanya ce da Henry Fox Talbot ya bayyana a Ingila a 1839, kuma da ita masu hoton farko na birnin Rum suka riƙa buga ayyukansu, irin su Giacomo Caneva da Frédéric Flachéron da Eugène Constant, waɗanda ke haɗuwa a gidan shan kofi na Caffè Greco wajen 1850.

Aikin kwana biyu ne. Ranar farko ta nagetif ce da gishiri, ta biyu kuma ta azurfa da rana da wanki. Wanda ya ce zai haɗa su a yini guda, yawanci takarda mai laima yake kai wa rana, ya yi asarar takardar da nagetif ɗin gaba ɗaya.

Kaya da kuɗi

Magungunan da za ka nema a shagon kayan gwaje-gwaje na makarantu: silba naitiret, wanda za ka ga an rubuta AgNO3 a kwalbarsa, sai sodiyam tayosalfet, Na2S2O3, da gishiri tsantsa, NaCl, da sodiyam salfait, Na2SO3. Sitirik asid da jelatin na saniya ko na kifi suna wurin masu sayar da kayan kek. Soda ash kuwa masu haɗa sabulun ruwa sun san inda yake. Ƙari a kan haka: tataccen ruwa lita biyar, sikelin da ke auna ɗigon giram, sirinji biyu, tire na roba huɗu, kwalabe masu duhu biyu, buroshi mai laushi wanda babu ƙarfe a wuyansa, gilashi mai kaurin milimita 4, filawud daidai girmansa, kilif manya huɗu, safar hannu da tabarau na kariya.

Azurfa ce ke cin kuɗi, domin kusan kashi 64 cikin 100 na nauyin silba naitiret azurfa ce zalla, farashinsa na bin na azurfa a kasuwar duniya. Amma lissafin bai kai yadda yake ba da tsoro ba. Hoto mai girman santimita 13 da 18 yana shan mililita 1 na ruwan azurfa, wato giram 0.12. Giram 12 ke nan zai ba ka hoto 100 a lissafi, ko da yake a aikace gwaji da zuba za su ci wani abu. Raba kuɗin kwalbar da wannan adadi, ka ga abin da kowane hoto ke ci. Takarda ce ta biyu a tsada: babban falle mai santimita 56 da 76 yana yankuwa gida tara, kowanne 18 da 25, daidai hoto ɗaya da gefensa. Sauran kayan, in ka cire zinare da za mu zo kansa, ba su taka kara sun karya ba.

1. Zaɓen hoto

Gidan tarihi na Metropolitan a New York da na Getty a Los Angeles da Rijksmuseum a Amsterdam duk sun saki dubban tsofaffin hotuna ga kowa ya sauke. Shiga rumbunsu na intanet, ka rubuta sunan Caneva ko Flachéron ko James Anderson ko Robert Macpherson, ka duba alamar da ke nuna cewa hoton na kowa ne, sannan ka sauke mafi girman fayil. Don bugun 13 da 18 kana buƙatar fayil mai ɗigon hoto, wato fiksel, kusan 1500 a faɗi da 2100 a tsawo.

Ba kowane hoto ne ke karɓar takardar gishiri ba. A wannan hanya azurfar tana nutsewa cikin zaren takardar, ba ta zama a sama kamar hoton studiyo, saboda haka ƙananan abubuwa suna narkewa, manyan siffofi da inuwa su ne ke fitowa da ƙarfi. Mai farawa ya nemi abu mai girma, mai haske a gefe ɗaya da inuwa a ɗaya: ginshiƙai takwas na haikalin Saturn, ko ukun nan na haikalin Kastor da suka rage a tsaye, ko jerin bakunan gadar ruwa ta Klaudiyus a bayan gari. Hotunan da aka ɗauko daga saman tudu, masu rufin gidaje ɗari da hasumiyoyi, a bar su sai hannu ya faɗa. Na Macpherson da Anderson yawancinsu daga nagetif na gilashi suka fito, aka buga su a takarda mai farin ƙwai, shi ya sa suke da kaifi ƙwarai. Za su bugu, amma wani abu daga kaifin zai tafi. Na Caneva da Flachéron kuwa daga nagetif na takarda suke, dama can gidansu ke nan.

Ka tsaya ka kalli hoton da kyau kafin ka taɓa shi a kwamfuta, domin abin da za ka ɗauka datti ne sau da yawa shi ne shaidar shekarunsa. Wani dunƙulen gini mai kama da turmi a kife kusa da Ƙofar Konstantin shi ne Meta Sudans, ragowar maɓuɓɓugar ruwa ta zamanin Rumawa, an rushe ta a 1936. Gicciye a tsakiyar filin Kolosiyam, babban gidan wasan Rumawa, da ƙananan wuraren addu'a kewaye da shi suna nuna cewa an ɗauki hoton kafin 1874. Ciyayi da ƙananan itatuwa da ke tsirowa a bangon ma haka: wani likita ɗan Ingila, Richard Deakin, ya ƙirga iri 420 a wurin a 1855, kafin hukuma ta tuge su a farkon shekarun 1870. Dandalin Forum, wato tsakiyar tsohon birnin, da kansa a lokacin sunansa Campo Vaccino, wato filin shanu, kuma za ka ga amalanke da shanun a gindin ginshiƙan da sarakuna suka gina. Ni wannan ne ma ya fi jan hankalina a cikin hotunan, garin yana cikin harkarsa, kufan suna tsakiyar unguwa.

Gargaɗi: idan ka ga wata inuwa dishi-dishi mai siffar mutum ko doki, kada ka goge. Ɗaukar hoto ɗaya tana cin mintoci a wancan lokaci, duk abin da ya motsa sai ya zama haka ko ya ɓace ɗungurungum. Kada kuma ka ƙara gajimare. Magungunan lokacin sun fi jin shuɗin haske, sama takan ƙone ta fito fari fat, har masu hoton kan shafe ta da baƙin tawada a nagetif don ta fito sumul.

2. Nagetif

Tun ran gini tun ran zane. Hoton da za ka samu ba zai wuce nagetif ɗinsa ba, kuma girmansu ɗaya, tunda manna su ake yi fuska da fuska.

Buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran hoto, GIMP, wanda kyauta ne, ko Photoshop. Yanke kwalin da aka manna hoton a kai. Mayar da shi baƙi da fari. Abin da ka sauke hoto ne da ya shekara fiye da 150 yana dusashewa, don haka ja mafi duhun inuwa har ta kai baƙi sosai, ka ja mafi haske har ya kusa fari. Daga nan juya launin, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Na ƙarshe, juya hoton dama zuwa hagu kamar a madubi.

Gargaɗi: wannan juyi na madubi shi ne aka fi mantawa. Gefen da tawada take shi ke kwanciya a kan takarda, in ba ka juya ba komai zai fito a birkice. A goshin haikalin Saturn akwai rubutun Latin da ya fara da SENATVS POPVLVSQVE ROMANVS. A nagetif mai kyau, idan kana kallon gefen tawada, rubutun baibai zai kasance.

Mafi kyawun abin bugawa shi ne fim mai garai-garai na firintar tawada, irin Pictorico. Takardar gishiri tana son nagetif mai nauyi fiye da yadda ido ke zato. Ɗaga shi gaban fitilar waya: inda sama take ya kamata hasken ya ratsa da ƙyar, inda inuwar cikin baka take kuma ya zama kusan wayam. Idan firintar leza ce kawai a kusa da kai, buga fim biyu ka ɗora su daidai a kan juna, ka manne gefe da salatif. Bar tawada ta kwana kafin amfani.

Akwai hanya mai arha wadda kuma ta fi kusa da ta mutanen Caffè Greco. Buga nagetif a farar takarda marar kauri, ka kife ta, ka goga kakin zuma a bayanta, ka sa ta tsakanin takardu biyu ka bi da dutsen guga mai ɗumi. Kakin zuma yana narkewa tun a digiri 64, saboda haka wuta kaɗan ta isa, mai yawa za ta narkar da baƙin firintar. Takardar za ta zama kamar wadda ƙosai ya kwana a ciki, haske na ratsa ta. Hoton da za ta ba ka yana da tsakin zaren takarda a jikinsa, kuma bugunsa zai ci lokaci a rana fiye da na fim.

3. Gishiri

Takardar ta zama ta auduga zalla mai santsi, irin ta masu zanen ruwa. Hahnemühle Platinum Rag da Arches Platine da Bergger COT 320 an yi su ne don irin wannan aiki. Takardar da aka sa wa alli a cikinta takan yi duhu ita kaɗai, don haka duk wadda ka samu, gwada ƙyalle ɗaya tukuna. Yi alama da fensir a bayan kowane falle.

Jiƙa jelatin giram 2 a tataccen ruwa mai sanyi mililita 250, minti 15. Tsoma kofin cikin ruwan zafi kana juyawa har ya narke, kada ya tafasa. Cika shi lita ɗaya da ruwa mai ɗumi, ka zuba gishiri giram 20. Juye a tire, ka nutsa takarda ɗaya-ɗaya minti 3, kana kore kumfar da ta maƙale da buroshi. Duk inda kumfa ta zauna, farin tabo ne gobe. Rataye ta a igiya ta bushe. Haske ba ya yi mata komai a wannan mataki, kuma tana ajiyuwa watanni, don haka yi da yawa.

Gargaɗi: kada ka ƙara gishiri da tunanin hoto zai fi ƙarfi. Akasin haka ne, kuma shi ne abin da Talbot ya gano: gishiri kaɗan, azurfa da yawa. Gishirin miya na leda ma a bar shi, an sa masa aidin da maganin hana dunƙulewa.

4. Ruwan azurfa

Sa tabarau da safar hannu kafin ka buɗe kwalbar. Silba naitiret yana ƙona fata, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Idan ya fantsama, a wanke idon da ruwa mai yawa minti 15 a wuce asibiti. A ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, kada kuma a haɗa shi da amoniya ko kaɗan.

Fara gwada ruwanka. Ɗiba kaɗan a kofin gilashi, ka jefa ƙwayar silba naitiret ɗaya. Idan ya yi fari kamar an ɗiga madara, akwai gishiri a ciki, bai yi ba. Fiya wata da ruwan gora da na rijiya duk faɗuwa suke yi a wannan gwaji.

Gargaɗi: tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota yana yi, amma a bakin mutane da yawa "ruwan batir" asid ne. Faɗa wa mai shago ƙarara cewa wanda babu asid kake so, ka karanta jikin jarkar da idonka.

Narka silba naitiret giram 12 a ruwa mililita 50, ka zuba a kwalba mai duhu. A ɗaya kwalbar, sitirik asid giram 6 a mililita 50. Ranar aiki sai ka haɗa su daidai wa daida, gwargwadon abin da za ka shafa. Amfanin asid ɗin shi ne hana takarda yin duhu tun kafin ta ga rana, kuma zafi ne ke gaggauta wannan duhu. Turawan Ingila da suka je Rum da haɗin da suka saba da shi a gida sun sha wahalar zafin garin, sai da Flachéron da abokansa suka gyara ma'aunin. Wanda ke aiki a watan Afrilu a ƙasarmu ya fi su buƙatar wannan kariya.

5. Shafawa

Rufe taga, kunna ƙaramin ƙwan fitila mai launin rawaya. Ba a buƙatar duhu ƙirin, hasken rana da farin ƙwan lantarki mai ƙarfi ne ba a so. Shimfiɗa tsohuwar jarida, ka manne takardar a kan allo, ka zana iyakar nagetif da fensir. Ja mililita 1 da sirinji, ka zuba layi guda a saman iyakar, ka baza da buroshin da ka ɗan jiƙa da tataccen ruwa: daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, da hannu marar nauyi, cikin rabin minti. Ruwan ba shi da launi, don haka karkata kai ka bi ƙyallinsa ka ga inda bai kai ba.

Buroshin nan na azurfa ne shi kaɗai har abada. In ya taɓa ruwan gishiri, ko yana da ƙarfe a wuya, zane-zane baƙaƙe za ka gani.

Sa takardar a cikin kwali ko durowa ta bushe, rabin awa zuwa awa ɗaya, da damina fiye da haka. Taɓa gefenta da bayan yatsa: in da sauran sanyi, da sauran laima. Takarda mai laima tana ɗiga wa nagetif tabon azurfa da ba ya fita. Yi amfani da ita a ranar.

Tabon ba ya nuna kansa nan take. Karon farko da na yi aikin na ga hannuna fes, rigata fes, na fita. Kafin la'asar yatsuna uku sun yi baƙi kamar na ƙunshi, gaban farar shadda kuma ya cika da ɗige-ɗige. Na yatsu ya fita bayan mako biyu, na shaddar yana nan. Sa tsohuwar riga.

6. Rana

Yanka filawud ɗin biyu, ka haɗe su da salatif mai ƙarfi ta baya, ya zama kamar ƙyaure. Jera haka: gilashi a ƙasa, nagetif a kai gefen tawada yana sama, takarda a kife a kansa, ƙyallen bargo, sannan katako. Matse da kilif biyu a kowane rabi. Amfanin ƙyauren shi ne ka buɗe rabi ka leƙa, ɗaya rabin yana riƙe da takardar ba ta gusa ba. In ta gusa ko da kaurin gashi ne, ginshiƙi ɗaya zai zama biyu.

Goge gilashin ciki da waje kafin kowane bugu. Da hunturu wannan wajibi ne, kowace ƙwayar ƙura farin ɗigo ce a bangon Kolosiyam, kuma hazo yana tsawaita lokacin.

Da fim, a tsakar rana, ka sa rai da minti 8 zuwa 20. A inuwa mai kallon sararin sama, rabin awa zuwa awa ɗaya da wani abu. Bambancin ba na lokaci kaɗai ba ne. Rana kai tsaye tana ba da hoto mai laushi, fari da baƙi sun matso kusa da juna. Inuwa tana raba su, dutse ya yi haske, cikin baka ya yi zurfi. Nagetif ɗin da bai yi nauyi sosai ba, a inuwa ake ceto shi. Ni na fi son in fara a inuwar zaure ta gefen da rana ba ta bugawa, in ƙarasa da minti biyu ko uku a rana don inuwoyin su cika. Hakan kuma yana kare nagetif, domin gilashin da ya daɗe a ranar bazara yana zafin da zai sa tawada ta manne da takarda.

Za ka ga gefen takardar da nagetif bai rufe ba yana sauya launi a gabanka: ruwan hoda, shunayya, ruwan makuba, sannan baƙi-baƙi. Bayan minti biyar shiga ɗaki ka buɗe rabi. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Hoton zai kai wani matsayi da zai yi kyau ƙwarai, ranka ya ce a cire. Kada ka cire. Wanki da magani za su ci kaso mai yawa na duhunsa. Mayar da shi har sai farin dutsen ya yi duhu fiye da yadda kake so, zanen jikinsa duk ya fito, gefen takardar kuma ya fara ƙyalli kore-kore kamar tagulla. Idan ka dube shi ka ce ya wuce, lokacin ne ya yi.

Rubuta minti nawa, ƙarfe nawa, rana ko inuwa, a littafi. Bayan bugu biyar littafin zai fi kowane ma'auni da na ba ka.

7. Wankin farko

Koma ɗaki mai ƙaramin haske. A tire na farko zuba tataccen ruwa lita ɗaya da gishiri ƙaramin cokali. Sa hoton a ciki, kana girgiza tiren ba tsayawa, minti 5. Ruwan zai yi fari, azurfar da rana ba ta taɓa ba ce ke fita. Sauya ruwa, ka ci gaba da sauyawa har ya fito garau, yawanci sau huɗu ko biyar. Launin hoton zai koma ja-ja kamar bulo. Haka yake yi, kada hankalinka ya tashi.

Gargaɗi: duk azurfar da ta rage a nan za ta haɗu da maganin mataki na 9 ta zama tabo ruwan ƙasa, kuma ba shi da gyara. Ruwan fari na tire biyun farko kuma a tara shi a jarka ya kwanta, kada a zuba shi kusa da rijiya ko kududdufin kifi ko inda dabbobi ke sha.

8. Zinare, ga mai hali

Tsallake wannan a hotuna goman farko. In ka zo gare shi: boraks giram 3 a ruwa mai ɗumi mililita 400, in ya huce ka ƙara mililita 6 na ruwan gol kulorayid, wato maganin zinare, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Minti 3 zuwa 10 a ciki, sai ɗauraya. Jan zai koma shunayya mai duhu, kuma hoton zai fi daɗewa. Tun a 1855 ƙungiyar masu hoto ta Landan ta kafa kwamiti kan dusashewar hotuna, kuma zinare na cikin abin da kwamitin ya ba da shawara a kai.

9. Tsayar da hoto

Narka sodiyam tayosalfet giram 150 a ruwa lita ɗaya, ka ƙara soda ash giram 2. Ruwan zai yi sanyi yayin narkewa, haka ɗabi'arsa take. Raba shi tire biyu. Minti 5 a na farko, minti 5 a na biyu, kana girgizawa. Wannan ne ke narkar da sauran abin da haske zai iya baƙantawa, kuma John Herschel ne ya gano ƙarfinsa a 1819, ya nuna wa Talbot shekara 20 bayan haka.

Gargaɗi mai girma: masu hoto suna kiran wannan magani "haifo". Ba shi da wata alaƙa da Hypo na leda da ake wanke fararen kaya da shi. Wancan bilic ne, zai share hoton cikin daƙiƙoƙi. In ka aiki yaro, rubuta masa Na2S2O3 a takarda. Ƙwayoyinsa garai-garai ne kamar dakakkiyar ƙanƙara, kuma masu kiwon kifi suna amfani da shi wajen kashe kulorin, don haka wurinsu ma ana dacewa. Haka nan soda ash daban, kostik soda daban.

Haɗa maganin a ranar, ka zubar a ranar. Lita ɗaya kada ta wuce ƙananan hotuna goma. Tsohon magani ko wanda ya gaji yana sakin farar wuta a cikin takarda, hoton ya fito lafiya yau, bayan shekara ya koma rawaya. Kada ka rage mintocin don ka ga hoton yana haske, kada kuma ka ninka su, zai cinye zanen da ke jikin farin dutsen. Yatsan da ya taɓa wannan ruwa kuma kada ya taɓa takardar da ba a wanke ba. Tirensa daban, ka rubuta suna a jiki.

10. Wankin ƙarshe

Yawancin tsofaffin hotunan Rum da ka gani sun yi fari-fari daga gefe, a wannan mataki da wanda ya gabace shi aka cuce su. Maganin da ya tsayar da hoton, in ya zauna a zaren takarda, shi ne kuma zai ci shi.

Ɗauraye minti 2. Sa a ruwan sodiyam salfait, giram 10 a lita, minti 4. Daga nan wanki na awa ɗaya. Ba sai da famfo mai gudu ba: cika tire, girgiza, bar shi minti 5, zubar, sake cikawa, sau 12. Ruwan ya zama mai sanyi. Na tankin sama da azahar ya yi zafi, na randa ya fi. Ruwan famfo mai warin kulorin a tara shi ya kwana a buɗe, na burtsatse mai barin jan tabo a bokiti kuwa kada ya kusanci hoton.

11. Bushewa, kaki da ajiya

Rataye shi ta kusurwa ɗaya a ɗakin da babu ƙura. Yana bushewa yana ƙara duhu, jan yana lafawa ya koma ruwan ƙasa, saboda haka kada ka yanke masa hukunci sai washegari. Danne shi tsakanin fararen takardu a ƙarƙashin littattafai kwana ɗaya.

In kana son inuwoyin su ƙara zurfi, narka kakin zuma da man labanda daidai wa daida, ka bar shi ya daskare, ka shafa ɗan kaɗan da tsumma mai laushi kana zagayawa, ka goge da wani. Gwada a hoton da ya lalace tukuna, domin kaki ba ya fita.

A bayan hoton rubuta da fensir sunan wanda ya ɗauke shi, shekarar, gidan tarihin da ke riƙe da na asali, sannan sunanka da ranar da ka buga, da kalmar "sabon bugu". Bugu mai kyau yana iya rikita wanda bai sani ba, kuma Caneva yana da haƙƙin a ambace shi a kan aikinsa.

Ajiye shi a cikin takardar da babu asid, nesa da jarida da kwalin kaya da robar ɗaure kuɗi da hayaƙin janareta, dukansu suna baƙanta azurfa ko su mayar da ita rawaya. In za ka sa a firam, a yanka kwali mai taga ya raba hoton da gilashi, a rataye a bangon da rana ba ta bugawa kuma ba ya tsattsafo da damina.